Tambayi Goggo Majo: wanda ya kawo mara lafiya irjans, shi wa ke duba shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili, barkanmu da war haka, ya zafi? Mu nan Garwa ta Kamaru dai sai hamdala, Afrilu ne, ko fanka iskar wuta take hurawa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar zaman irjans, wato sashen gaggawa na asibiti, kuma ba a kan mara lafiyan ake tambaya ba, a kan wanda ya kawo shi ne, mai jinya, wanda ma'aikatanmu ke kira gard malad. Na ɗauko huɗu. Sunaye na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Slm Goggo ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki yi haƙuri saƙon nawa da tsawo. Ranar Talata da la'asar Babanmu ya faɗi a ƙofar gida yana alwala, bakinshi ya karkace hannun dama ya saki, dama yana da tansiyon, hawan jini kenan, amma sai ya ga dama yake shan magani, muka samu mota muka kai shi irjans ni da Mamanmu da yayana, suna karɓarshi suka ce mu fita waje, toh Goggo tun kafin magariba har ƙarfe biyun dare wlh babu wanda ya ce mana ci kanku, sai dai a leƙo a kira sunanshi a miƙo ordonans, takardar sayen magani, mu ruga farmasi mu dawo, sau huɗu ana haka, in ka tambaya a ce atande, wai mu jira, Mama ita ba ta jin faransanci sai Hausa da fulatanci tana ta kuka wai ya mutu ne suke ɓoyewa, yayana ranshi ya ɓaci ya yi faɗa da wani infirmiye, ma'aikacin jinya, har mai gadi ya fitar da shi. Alhamdulillah Baba yana samun sauƙi amma abin yana cina. Shin muna da haƙƙin tambaya ko kuwa? wa ake tambaya? Kuma ashe ba layi ake bi ba, don akwai wata tsohuwa da ta riga mu zuwa har aka shiga da Baba tana nan zaune a benci. Daga 'yarki a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa kaffara ne. Haƙƙi kam kuna da shi, mijinta ne ubanku ne, kuma ku ne za ku kwana kuna juya shi kuna wanke shi, ta yaya za a ce ba ku da ikon sanin halin da yake ciki. Ni na yi shekaru ina gard na dare, wato aikin kwana, kafin na zama majo, shugabar ma'aikatan jinya na sashe, kuma ba zan wanke kaina ba, ni ma na sha ce wa mutane atande in wuce da sauri da allura a hannu, a raina ina cewa ai ceton nasu nake yi me kuma suke so. Sai ranar da aka kwantar da tawa uwar a wani gari inda ba wanda ya san ni, na zauna a bencin nan na waje, sannan na gane. Duk wanda ya fito da farar riga sai ka miƙe. Duk gadon da aka turo a rufe sai cikinka ya ɗuri ruwa.

Wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Nancy Molter, ta taɓa bin wannan maganar a 1979, ta jera buƙatu 45 ta tambayi dangin masu tsananin ciwo wanne ya fi damunsu. Ba wurin kwana ne ya zo farko ba, ba abinci ba. Abin da ya zo a sama shi ne su ji cewa akwai sauran fata, sai kuma su ga ma'aikata sun damu da mutumin nasu, in sun yi tambaya a faɗa musu gaskiya. Kin ga kenan kukan Mamanku ba ƙauyanci ba ne, Baturiya ma haka take yi in an rufe mata ƙofa an yi shiru. Minti biyu da wani zai fito ya ce mata "Dada, yana numfashi, muna kanshi, hoto muke jira", da ta share hawaye ta koma kan carbinta. Wannan laifinmu ne mu ma'aikata, kuma ina faɗa ne don na san 'yan ajin jinya suna karanta filin nan.

To amma kafin mu gyaru, ga yadda za ku ƙwaci bayanin ba tare da an kira mai gadi ba. Ku tsayar da mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda zai riƙa magana da ma'aikata. Ba lallai babban wa ba, ba lallai mai kuɗin ba, a'a wanda ya fi sanyin rai kuma yake jin faransanci ko da na kasuwa ne. Abin da ke tunzura infirmiye shi ne mutum bakwai su tare shi ɗaya bayan ɗaya kowa da tambaya iri ɗaya, ga kawu ya iso daga Pitowa shi ma sai an sake mishi daga farko, ga wani a waya daga Duwala yana cewa a ba shi dokta. Mutumin nan ɗaya ya je ya gabatar da kanshi, ni ce 'yar wane, ni za ku nema in akwai wani abu, ga lambata a rubuta a bayan karne, littafin asibitin mara lafiya. Ki tambayi sunan wanda ke gard, ki riƙe. Wlh kiran mutum da sunanshi da sannu da aiki yana buɗe ƙofar da ihu ba ya buɗewa.

Tambayar kuma kar ta zama "ya jikin nashi", don amsar da za ki samu ita ce sa va, wato da sauƙi, kin tashi a tutar babu. Ki ce me kuke zato ke damunshi, me ake jira yanzu, kuma ƙarfe nawa zan dawo in ji ƙarin bayani. In an faɗa da faransancin da ya fi ƙarfinki ki ce a maimaita a hankali ko a nemo mai fassara, a asibitocinmu na arewa da wuya a rasa mai jin fulatanci ko Hausa a cikin gard. In awa ta wuce awa ba wanda ya kula ki, ki nemi majo na sashen, aikinshi kenan, in dare ne ki nemi likitan da ke gard. Kowane ordonans aka miƙo ki tambaya na mene ne wannan. Ba rashin kunya ba ne.

Maganar tsohuwar benci kuwa, irjans ba layin injin niƙa ba ne da za a ce wanda ya fara ajiye kwano. Ana tantancewa ne, mu muna ce mishi tri, a wasu wuraren har da launi, ja da rawaya da kore. Wanda numfashinshi ke tsayawa, ko jini ke zuba, ko ya suma, ko ɓarin jiki ya shanye yanzu-yanzu kamar Baba, shi ke gaba ko da shi ne na ƙarshen zuwa. Ranar ku aka tsallake da wasu, wata rana ku za a tsallake, sai a yi haƙuri. Amma in kina zaune a bencin kika ga naki ya canza, ya daina amsa magana ko numfashi ya yi sama-sama, kar ki ce ai an riga an duba shi, ki tashi ki faɗa da ƙarfi, don mai jinya shi ne idon likita a waje.

Kuma ki sani su ma suna buƙatar abu a wurinki. Ciwo irin na Baba tambayar farko ita ce ƙarfe nawa ya fara, ki riƙe lokacin. Ki zo da ledar magungunan da yake sha gaba ɗaya har da fankon kwalin. In an ba shi sassaƙe ko jiƙo ko ƙwayar mai tebur, ki faɗa, ba kotu ba ce, ɓoyewar ce ke sa a rubuta abin da zai yi karo da shi. Sannan don Allah jama'a, wanda bakinshi ya karkace ko ya suma ba a ɗura mishi ruwa, ko na zamzam ne ko rubutu, a shafa mishi dai, don haɗiya ta lalace ruwan huhu zai tafi. Aspirin ma kar a ba shi a gida, shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, akwai toshewar jijiya akwai fashewarta, sai sikana, hoton ƙwaƙwalwa, ke bambancewa, in fashewa ce ka ƙara wa wuta fetur. A kwantar da shi ta gefe a nemi mota.

TAMBAYA: Hajiya Majo barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, ƙanina ɗan moto, wato ɗan acaba, mota ta buge shi da dare ƙafa ta karye jini ya zuba sosai, na je da abin da ke aljihuna kafin asuba ya ƙare tas, safar hannu ni na saya, serom, ruwan da ake ƙarawa, ni, har zaren ɗinki, sai kuma aka ce jini, mu kawo mutum biyu, wani a bakin get ya ce in ba shi kuɗi ya samo min masu bayarwa. Ni tambayata ina CSU ɗin, shirin gwamnati na lafiya ga kowa, da ake ta faɗa a rediyo, kuma ya mutum zai yi in abu ya same shi cikin dare ba ko sisi?

AMSA: Alhaji sannu, Allah ya tashi kafaɗunshi. CSU tana nan, an ƙaddamar da zangon farko a Afrilun 2023, amma ba kowa da komai ta ɗauka ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙarfinta yana kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, ganin likita da maganin zazzaɓin cizon sauro, da mata masu ciki ta hanyar shek sante, wanda mu nan jihohin arewa uku mun san shi tun 2015, sefa 6,000 ya ɗauki awo da haihuwa har da tiyata in ta kama, zuwa kwana 42 bayan haihuwa, sai masu wankin ƙoda da ke biyan 15,000 a shekara. Ƙato mai ƙafa a karye ba ya ciki, gaskiyar kenan.

Ma'aikatar lafiya a Yawunde ta sha nanata cewa in rai na cikin haɗari a fara ceto, kuɗi daga baya. A takarda haka yake, a ƙasa kuma wani lokacin kabad ɗin irjans ɗin ne babu komai a ciki, infirmiye ba zai haifo serom ba. Duk da haka ka faɗi maganar a fili, ka ce ba ni da kuɗi yanzu, ku fara, ga katin ɗan ƙasata na sa hannu zan biya, in an ƙi ka nemi majo ko ofishin masu kula da marasa ƙarfi, sarbis sosiyal. In an miƙo ordonans mai layi takwas kar ka ruga ka zube kuɗinka duka, ka tambayi wanda ya rubuta wanne ne na yanzu-yanzu wanne zai kai safe, sau da yawa biyu ko uku ne na gaggawa, kuma gobe likita na iya canza sauran ka tashi da leda cike da maganin da ba a karɓa a mayar. Kuɗi a biya a kes, wurin karɓar kuɗi na asibiti, a karɓi rasit, ba a hannun mutum a lungu ba. Rasit ɗin nan kuwa ka adana kowanne a leda ɗaya da takardar shaidar likita, tunda mota ce ta buge shi in tana da asirans, wato inshora, da su za a nemi haƙƙinshi.

Mutumin bakin get ka rabu da shi. Mai sayar da jininshi don yunwa ba zai faɗa maka gaskiyar lafiyarshi ba, kuma wataƙila satin da ya wuce ma ya bayar. Mutum biyun da aka ce ka kawo yawanci na mayar da gurbi ne, ba dole jininsu ya zama irin na ƙaninka ba. Duk mai shekara 18 zuwa sama da bai tsufa ba, mai nauyin kilo 50 ko fiye, lafiyayye, zai iya, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayarwa, sannan za a gwada shi kan ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere. Ƙaninka ɗan moto ne, ina 'yan tasharsu? Ka tura saƙo ɗaya a gurup ɗinsu na WhatsApp ka ga ikon Allah. Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne ɗakin jira ya cika da maza majiya ƙarfi ana ta Allah ya sauwaƙe, ana cewa jini sai kowa ya tuna bai ci abinci ba.

Na dare kuwa, ni abin da nake gaya wa 'ya'yana shi ne a bar wani abu a asusun waya, Orange Money ko MoMo, da ba a taɓawa ko ana biki, kuma a san farmasin da ke gard a satin. Masu adashi ma su ware kason rashin lafiya.

TAMBAYA: Goggo ni daga Gaundare. An ce za a yi wa mijina tiyatar apandis kar ya ci komai, uwarshi ta zo da kunun gyaɗa ta ce yunwa za ta kashe mata ɗa, na hana, yanzu dangi na cewa na raina ta. Na yi laifi?

AMSA: Ba ki yi ba 'yata, kin kyauta. Ana so ciki ya yi kamar awa 6 babu abinci kafin a sa mutum barcin tiyata, in ba haka ba amai na iya komawa huhu, kuma kofi ɗaya na kunu ya isa a ɗaga aikin ciwon na ci gaba. Kuskurenki ɗaya, da kin kira infirmiye ya faɗa mata da bakinshi, maganar da suruka ba za ta karɓa daga matar ɗa ba za ta karɓa daga farar riga. Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri a wuce wurin. Kunun kuma da ke kika shanye, ke ce mai buƙatarshi.

TAMBAYA: Slm Goggo. Ina Kusiri. Yau kwanana tara ina jinyar uwar mijina, kwana biyu a irjans sauran a ɗaki, a tabarma nake kwana a baranda da goyon wata bakwai, sauro ya gama da mu, ni ke wanki ni ke kai fo ni ke zuwa farmasi, 'ya'yanta maza huɗu ne amma sai dai su zo da yamma su tsaya su ce sannu Inna su tafi, biyu ma kullum suna Injamena kasuwa, mijina ya ce jinya aikin mata ne. Jiya jiri ya ɗebe ni a bakin famfo. Ina son Inna wlh tana min kirki, amma na gaji kuma ina jin kunyar faɗa kar a ce na gaza.

AMSA: Kai 'yata, saƙonki ya fi kowanne taɓa ni. Kin san a asibitocinmu rabin aikin jinya dangi ke yi, wanka, juyawa, ciyarwa, zubar da fo, sa ido kan serom kar ya ƙare jini ya hau, duk a kan gard malad yake, amma ba a lissafa shi a komai, ba gado, ba gidan sauro, wani wurin ko makewayi mai kyau babu. Na sha ganin an sallami mai ciwo an kwantar da mai jinya a gadon da ya tashi. Jirin nan gargaɗi ne, mai shayarwa a zafin Kusiri da ke haura digiri 40, ba barci ba ruwa isasshe, me ake jira.

Maigidanki kuma a gaya mishi da ladabi cewa wannan magana tashi ba ta da tushe. Sayyidina Usman bai je yaƙin Badar ba saboda matarshi Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW) ba ta da lafiya, aka bar shi yana jinyarta, kuma Annabi ya ce yana da ladan wanda ya halarci Badar da rabonshi, yana cikin Buhari. Wannan jinyar mata kenan, ina ga ta uwa? Aljannar da ake cewa tana ƙarƙashin ƙafarta ai tasu ce su huɗun, ke taimako kike yi da alheri. Na yarda akwai abin da ɗa namiji zai ji nauyin yi wa uwarshi, wanka da kama ruwa, wannan a bar wa mata. Amma zuwa farmasi, bin sakamakon labo, ɗebo ruwa a bidon, ɗaga ta a juya ta kowane awa biyu kar bayanta ya yi gyambo, zaman dare daga isha'i zuwa asuba, wanne ne a ciki ya gagari namiji? Gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Injamena ce fa tsakaninsu da ita, ba Makka suka tafi ba.

In bakinki ba zai iya ba, ki samu babba a gidan, goggonsu ko kawunsu ko limamin unguwa, a zauna a raba kwana, wane Litinin wane Talata, a rubuta a takarda don baki yana mantuwa. Duk mai karɓa a miƙa mishi karne da ledar magani da bayanin abin da likita ya ce da safe, kar kowa ya zo ya fara daga farko. Ke kuma yau ɗin nan, ba gobe ba, ki sa a auna ki zazzaɓi da tansiyon tunda kina cikin asibitin, ki sa a kawo miki gidan sauro daga gida, ki ajiye gorar ruwa kusa ki riƙa sha ko ba ƙishi, sabulu kuma a hannu duk bayan fo kafin ki taɓa yaron. Shi ma yaron barandar asibiti ba wurin kwananshi ba ne, ga tari ga gudawa ga komai na yawo, gara ki riƙa kwana da shi a gida ki zo da safe, su mazan su riƙe daren.